Kacalar Teku

Gaithersburg,
5 ga Mayu, 2024.

Abban Khalil,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Inna? Ka ce kumburin ƙafar ya fara saɓewa, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Yaya Baba, yaya Yaya Hasiya da yaranta, yaya kuma zafin Dabar Tanko ga mutumin da ya saba da na'urar sanyaya ɗaki? Mu nan lafiya lau. Khalil ya zo ranar Juma'a ya kwashe abin da ke cikin firji ya koma, Afnan tana can jami'a a College Park.

Za ka yi mamakin ganin rubutu maimakon murya. Na san halin gida. Saƙon murya in ya shiga wayarka a gaban mutum goma za ka buɗe shi, kowa ya sa baki. Wannan kai kaɗai nake so ka karanta.

A ƙarshen saƙonka na jiya ka ambaci wani abu kamar ba komai ba: wai bana an ɗage gayyar yankan kacala, Baba ya ce kada samari su shiga ƙorama tunda magani na tafe. Ka yi dariya ka wuce. Ni tun da na ji ban iya cin abinci ba, don na san inda maganar ta fito. Daga bakina ta fito.

Bari in jero maka abin yadda ya faru. Kai in aka tambaye ka aikin Afnan sai ka ce karatun teku take yi, ka tsaya nan. To a gaɓar tekuna masu sanyi akwai wani tsiro da ake kira kelp. Yana kama dutse a ƙasan ruwa ya miƙo sama kamar igiya, wani ya fi giginya tsawo, ganyensa ya bazu a saman ruwa. Inda ya yi yawa wurin yakan yi duhu, kifaye su hayayyafa a ciki, ƙanana su sami maɓuya, masunta su sami abinci. Taurarin ɗan'adam suna ɗaukar hoton gaɓar teku tun shekarun 1980, kuma ganyen nan yana fitowa a hoton. Afnan takan jera hotunan shekara bayan shekara, ta ware waɗanda gajimare ya ɓata, ta auna inda tsiron ya ƙaru, inda ya ragu, da inda ya ƙaura ya bi ruwa mai sanyi. Lokacin hutu kuma su je su nutsa da kansu, su ga ko hoton ya faɗi gaskiya.

A arewacin California, kimanin shekara goma da suka wuce, ruwan teku ya yi ɗumi fiye da yadda aka saba. Cuta kuma ta kashe wata dabba mai hannuwa da yawa wadda ita ce ke cin bushiyar teku. Bushiyar ta yaɗu ba mai hana ta, ta cinye tsiron har gindi. Sama da kashi casa'in cikin ɗari ya tafi. Masifa ce, ba wani suna da za a ba ta.

Na ga ya kamata mutanenmu su ji wannan, sai na gayyaci Afnan shirinmu na rediyo, Ƙasa da Ruwa. Muna zaune da Dachung, abokin aikina, a ɗakin ɗaukar murya na Wheaton, ina neman kalmar Hausa. Gansakuka ta yi ƙanƙanta, mutum zai tuna bayan randa. Ciyawar teku kuma sai a ɗauka abin da akuya za ta ci ne. Kainuwa ba ta kama ƙasa. Sai kacala ta faɗo mini: doguwa ce, a ruwa take tsaye, saiwarta a ƙasa, ga duhu. Dachung ya ce kalmar ta yi daɗi a kunne. Shi mutumin duwatsun Jos ne, bai taɓa ganin kacala ba, ba shi da laifi. Ni ce na tashi ina ganin tabon matsattsaku a ƙafafun Baba. Ni na san kacala ita ta toshe mana ƙorama, ta kori kifi, ta tara tsuntsayen jan-baki suna cinye shinkafa. Na san duk wanda ya sha ruwan Haɗeja zuwa Nguru, in ya ji an ce kacala ta mutu, hamdala zai yi. Amma a ranar siffar abin kawai nake kallo, ina jin daɗin na iya fassara.

Sannan na haɗa tallan shirin na minti ɗaya don a yaɗa a waya. Ga abin da na ce, na sake saurara na rubuta: "A gaɓar California, kacalar teku da ta cika ruwa shekara da shekaru ta ragu da sama da kashi casa'in cikin ɗari, bayan wata 'yar dabba, bushiyar teku, ta cinye ta. Cikin masu wannan aiki akwai 'yarmu Afnan, jikar Dabar Tanko. Ku biyo mu ku ji yadda aka yi."

Ka duba, babu jimlar ƙarya a ciki, amma gaba ɗayansa ƙarya ya zama. Cikakken shirin ya bayyana komai, sai dai tashar da kuke kamawa a can ba ta sa shi ba a makon, ƙwallo ta sa. Tallan ne kawai ya isa gida.

Har nan kuskure ne na aiki, ana gyara irinsa. Abin da ya biyo baya shi ne nake jin nauyin rubutawa. Baba ya kira ni da kansa. Ka san ba ya kira, sai dai a kira shi. Ka kuma san tun da na shiga aikin rediyo bai taɓa cewa komai a kai ba, in ban da "surutun naku". Ranar sai ya ce, "Juwaira, ashe surutun naku yana da amfani." Ya sa mini albarka, ya sa wa Afnan, ya daɗe yana addu'a. Bayanin yana bakina, jimla biyu ce kawai. Na ce amin, Baba. Na sake cewa amin. Muka ajiye waya.

Na ce wa kaina murnar tsoho ce, za ta wuce. Ban san zai tsaya a gaban jama'a ya dakatar da gayya ba. Ka fi ni sanin lissafin: yanzu ne ruwa ya ja baya ake iya shiga. Da ruwan shuka ya sauka kowa gona zai nufa, ba mai sake waiwayar ƙorama. In ba a buɗe ta ba ruwan kogi ba zai kai fadama ba, bana ba shinkafa ba kifi.

Don Allah ko za ka zauna da Baba ka ɗan gutsura masa, a hankali, kafin in kira? Kai yana jin maganarka.

Ka gaida Inna da kyau, ka gaida kowa. Ka riƙa shan maganinka na hawan jini.

Matarka,
Juwairiyya.

*

Gaithersburg,
12 ga Mayu, 2024.

Abban Khalil,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jikin Inna da lafiyar gida duka. Na gode da ka amsa a rubuce, ko da yake layi shida ne.

Ka yi gaskiya, ban kyauta ba da na nemi ɗora maka. Baba kawunka ne kuma surukinka. Kai da ko abinci ba ka ci a gabansa, ta yaya za ka zauna ka ce masa abin da ya faɗa wa gari ba haka yake ba? Na janye roƙon.

Sauran labarin da ka ba ni kuwa, na karanta shi a mota a bakin ofis, na kifa kai a sitiyari. Wai Baba ya sa an haƙa rami a bayan gida an shafe shi da siminti, nan za a ajiye bushiyar in Afnan ta kawo ta a zuwan da za ta yi gida bayan Babbar Sallah. Wai ya ce ta tabbata ta haɗo mace da namiji. Wai har mutanen ƙauyukan gefe sun fara zuwa kamun ƙafa a ajiye musu 'ya'ya. Abban Khalil, dabbar nan sai a ruwan gishiri take rayuwa. A ramin Baba ko wuni ba za ta yi ba. Ko da za ta rayu, kacalarmu ba abincinta ba ce.

Na kira shi ranar Alhamis da niyyar faɗa. Ban gama gaisuwa ba ya tambaye ni me bushiyar take ci a hanya, ko a tanadi dusa. Ya ce an ba shi shawarar a yi wa ramin rumfa saboda rana. Yana magana kamar yaro ana gobe Sallah. Na ce masa ba na ji sosai, sabis ba kyau, zan sake kira. Sabis lafiyarsa ƙalau.

Da na gaya wa Dachung, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Madam ai sai mu buɗe kamfanin fitar da bushiya. Da ya ga fuskata ya daina. Shawararsa ita ce mu sa ɗan gyara a ƙarshen shiri mai zuwa, mu ce "an samu rashin fahimta game da wani rahoto". Na san wannan salon, na sha rubuta wa wasu shi. Ana ce "an samu" ne don kada a ce wa ya yi. Kuma ba wanda zai ɗauki lauje ya shiga ruwa har ƙirji saboda an samu rashin fahimta.

Jiya na kai wa Afnan dambu a College Park. Na same ta a ɗakin aikinsu, ita kaɗai, gaban manyan allunan kwamfuta biyu. Tana cin dambun ta nuna mini wayarta tana dariya, wai 'yan uwanta na gida sai saƙo suke turo mata suna kiranta Dokta Mai Bushiya, ita ta ɗauka tsokana ce. Sai ta tambaye ni, wai mece ce kacala, don ta ji kalmar a tallan, ta zaci sunan kelp ne da Hausa tun asali.

Na gaya mata duka, har kiran Baba da ramin siminti.

Ka san ta, a yi mata Hausa ta mayar da Turanci. Jiya da Hausa ta amsa, irin tata mai ɗingishi. Ta ce, "Mama, ni ina kuka shi, ke kin ce musu biki." Ban gyara mata jimlar ba, ba abin gyarawa a ciki.

Ta ture kwanon ta buɗe mini hotunan. Ta fara da na shekarun farko, gaɓar teku da baƙin tsiron ya bi ta kamar gezar zane. Tana matsawa shekara shekara, wani lokaci ya ragu, ya sake dawowa, don haka yake yi dama. Sai aka zo inda ya ragu bai dawo ba. Ta ce bara da ta nutsa a ɗaya daga wuraren, dutse ne fayau, bushiya ta rufe shi ko'ina, ba kifi ko ɗaya, shiru kamar garin da aka tashi. Wani tsohon mai nutso da ya kai su a jirginsa ya gaya mata da can sai ka raba ganye da hannu kafin ka wuce, amma jikokinsa ba su yarda ba, sun ɗauka haka wurin yake tun fil azal. Ta ce amfanin aikinta ke nan in yana da amfani: kada waɗanda aka haifa daga baya su ɗauka dutsen nan haka Allah ya yi shi. Shekara huɗu tana wannan aiki, ni uwarta ban taɓa zama na kalli hotunan ba sai jiya. Hira da ita na yi a rediyo, tambayoyina na kan takarda, idona na kan agogo.

Can ta ce in nuna mata inda garinmu yake. Tauraron ai ba teku kaɗai yake ɗauka ba. Muka bi kogin daga Haɗeja da yatsa har na gane kwanar da ke gaban Dabar Tanko. Ta buɗe hoton 1986. Abban Khalil, ga ƙoramarmu nan, faffaɗa, ruwa tsantsa har fadama, yadda take lokacin da nake 'yar firamare muna bin Baba a kwalekwale. Ta riƙa matso da shekaru, ina kallo tana tsukewa, har ta koma kamar zare, wani wurin ma zaren ya tsinke. Yarinyar da ba ta taɓa taka garin ba ita ta nuna mini shi.

Ba ta ɗaga mini murya ba. Ta ce dai ba za ta sauka a garin kakanta a tarbe ta da kiɗa ana leƙen jakarta ba. Ko in faɗa masa, ko ita ta kira shi ta faɗa da Hausar da take da ita. Ta kuma tambaye ni saura kwana nawa ruwa ya sauka a can. Na ce Allah kaɗai ya sani. Ta ce to me nake jira?

Na ƙirga a raina. Mako biyu na gayya sun riga sun tafi a kan amin ɗina.

Ka yi mini addu'a. Ka gaida Inna.

Taka,
Juwairiyya.

*

Gaithersburg,
14 ga Mayu, 2024.

Abban Khalil,

Assalamu alaikum, da fatan kun wuni lafiya, ya mai jiki? Wannan gajeriya ce.

Na kira Baba yau, na daidaici ya dawo daga Azahar yana shi kaɗai a zaure. Ban bar gaisuwa ta yi tsawo ba. Na ce masa babu magani, babu bushiyar da za ta zo, abin da na kira kacala ba kacala ba ne, kuma mutuwarsa asara ce ga mutanen can kamar yadda toshewar ƙorama take asara gare mu. Na ce Afnan aunawa take yi, ba kashewa ba, kuma ba ta san abin da na faɗa ba. Na ce ranar da ya kira ni na san ya fahimta ba daidai ba, na yi shiru.

Ina jin kukan kaji a bayansa. Sannan ya tambaye ni abu ɗaya: me ya sa na yi shiru? Na ce don ya yabe ni. Ya ce, "To." Ka san wannan "to" ɗin nasa.

Na ce zan faɗa wa jama'a da kaina, ba sai ya sha kunya ba. Ya ce in faɗi nawa, amma shi da bakinsa ya hana gayya, da bakinsa zai kira ta. Bai sa mini albarka ba da za mu rabu, bai kuma yi faɗa ba. Da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

Daga nan na wuce Wheaton muka ɗauki sabon saƙo, minti ɗaya kamar wancan. Babu "an samu" a ciki. Na faɗi sunana da sunan mahaifina, na ce ni na zaɓi kalmar da ba ita ba, kuma ni na ji an fahimta a karkace na ƙyale. Na ce babu dabbar da za ta cinye kacala, a koma ƙorama tun ruwa bai sauka ba. Tsiron kuma na kira shi da sunan da ya kamata in ba shi tun farko, kurmin teku, don kurmi ne, kifi ke zama cikinsa yadda tsuntsu ke zama a namu. Dachung ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata zan sa sunan Baba. Na ce jikar Dabar Tanko na ce a wancan, ban ɓoye gida ba lokacin yabo.

Zai fita a shirin ranar Asabar, amma ba zan jira tasha ba. Na turo maka shi yanzu. In Baba ya gama magana da mutane, ka buɗe shi a majalisa, ka ƙure murya. Wannan karon so nake kowa ya ji.

Matarka,
Juwairiyya.

*

Gaithersburg,
9 ga Yuni, 2024.

Abban Khalil,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa gare ka da Inna, na ji daɗi da ka ce har ta taka zuwa gidan suna da ƙafarta. Alhamdulillahi. Barkanku da ruwa, Allah ya sa damina mai albarka ce. Ya hannun naka? Mutum ya shekara ashirin yana riƙe biro ya ce sai ya riƙe lauje. Ka wanke kantar da ruwan gishiri, kuma don Allah ka je a duba ka saboda tsargiya kafin ka taso.

Wasiƙarka ta wannan karon ta yi tsawo, na gode, ko da yake akwai wuraren da sai da na ajiye wayar na zagaya gida kafin in ci gaba. Inda ka ce Baba ya miƙe bayan La'asar ya ce wa jama'a ya yi gaggawar magana a kan abin da bai bincika ba, bai ambaci sunana ba sam. Inda ka ce da ka buɗe saƙona wani ya ce daga baya, "To Allah ya jiƙan bushiya," aka fashe da dariya, Baba yana zaune yana kallon ƙasa. Da inda ka ce washegari da sassafe an ga tsoho mai shekara tamanin ya naɗe wando ya shiga ruwa da laujensa shi kaɗai, sai da kunya ta kori samari suka bi shi suka fito da shi. Ban taɓa sa mahaifina a irin wannan matsayi ba, kuma ba zan iya cire shi daga idon waɗanda suka gani ba.

Na fahimci ruwan ya riga ku. Kun buɗe ƙorama har mashayar shanu, saura guntun da ke kaiwa ƙarshen fadama, sai aka yi ruwan shuka kowa ya watse. Ba sai ka sassauta mini ba, na san gonar wa ke ƙarshen fadama. Ta Yaya Hasiya ce, kuma da ita take ciyar da marayunta. Makonnin da na yi ina jan ƙafa, su ne wannan guntun. Na kira ta sau uku. Tana ɗauka, ta ce lafiya lau, ta tambayi yara, ta ce tana da abu a wuta. Ba ta taɓo maganar gonar ba, ni ma na kasa taso da ita.

Akwai abin da ba ka sani ba, don ta wayar Baba aka yi. Ranar Laraba ya sa aka kira masa Afnan, ina wajen. Ta ɗauka ta gaishe shi. Sai ji muka yi yana yi mata jaje, jaje sosai irin wanda ake yi wa wanda gonarsa ta ƙone. Ya ce ya ji kurminsu ya mutu, Allah ya mayar da alheri, ya ba mutanen wurin haƙuri. Ya tambaye ta ko akwai inda ya rage. Ta ce akwai, wasu wuraren yana nan da ƙarfinsa, wasu ma ana ƙoƙarin dawo da shi, masu nutso na shiga suna kwashe bushiyar da hannu. Ya ce ashe su ma gayya suke yi. Sannan ya ce ta gaya wa mutanen Kalifoniya in ciyawar ruwa suke nema su turo mota, kyauta zai ba su, har ya sa a loda musu. Afnan ta yi dariya har da hawaye. Ni ina gefe, bai ce a ba ni ba.

Ya roƙe ta abu ɗaya. Ashe hoton 1986 da na turo maka ka nuna masa, shi kuma ya karɓi wayarka ya bi samarin da ita ɗaya bayan ɗaya. Ya ce mata shekara da shekaru yana gaya musu jirgi biyu na giftawa a ƙoramar nan ba su gogi juna ba, suna ɗauka ƙarin gishirin tsofaffi ne, ranar ce suka yi shiru. Yana so ta wanko masa hoton babba, wanda za a kafa a zaure. Ta riga ta kai an buga, da na shekarun da suka biyo baya, ta naɗe su cikin kwali. Ta kuma sa rigar nutsonta a jaka. Na ce mata ruwan ƙorama ba teku ba ne, ta ce ta sani, matsattsaku take gudu.

Ramin siminti kuma, tunda ka ce agwagin Inna sun riga sun mallake shi, a bar musu.

Dachung ya ce tun da muka fara cewa kurmin teku masu saurare biyu sun rubuto suna tambayar ko ana iya ganinsa daga gaɓa. Bana dai na koyi tambayar kaina, kafin in ba abu suna, wane ne zai ji sunan kuma me sunan ya taɓa yi masa.

Da can shirin shi ne Afnan ce kaɗai za ta zo bayan Sallah, kai ka tarbe ta a Kano. Na canja. Na nemi hutu an ba ni, tare za mu taho. Ba na son kowa ya zo tarba, kada ka bari a yi girki. Ka ce in an gama noman farko akwai 'yan kwanaki kafin ruwan kogi ya iso, kuma wasu samari sun ce za su gwada guntun da ya rage in an samu mai kiran gayya. Ka gaya musu an samu. Ban san ko za a ci nasara ba, ban kuma san ko Baba zai sake kiran aikina da wani suna ban da surutu ba. Amma daga mota gidan Yaya Hasiya zan fara sauka, in faɗa mata a tsakar gidanta abin da na kasa faɗa a waya, ko da tana da abu a wuta. Zan jira ta sauke.

Ka sa maƙeri ya wasa mini lauje ɗaya, marar nauyi.

Ka gaida Inna, ka gaida Baba in ya amsa. Allah ya sada mu da alheri.

Matarka,
Juwairiyya.